Brunhilda da Fredegunda: Yadda Facaloli Biyu Suka Riƙe Sarautar Farankawa, 567–613

Sarkin Farankawa Chlothar na Ɗaya ya rasu a shekarar 561, ya bar 'ya'ya maza huɗu da ƙasar da ta haɗa mafi yawan Faransa ta yau, da Beljiyam, da wani yanki na yammacin Jamus. A gidansu, gidan Merobinjiya, ba a zaɓen ɗa guda a naɗa shi. Ƙasar ake yankawa, kowane namiji ya ɗauki rabonsa. Charibert ya sami Faris, Guntram ya sami Burgundiya, Sigebert ya sami gabas, wadda ake kira Austrasiya, shi kuwa Chilperic aka bar shi da Soissons, rabon da ya fi ƙanƙanta, tushen abin da ya zama Neustriya. Ukun farko uwa ɗaya uba ɗaya suke. Chilperic ɗan uba ne, kuma mahaifiyarsa 'yar'uwar tasu mahaifiyar ce, domin tsohon ya haɗa ya da ƙanwa. Da Charibert ya mutu a 567 bai bar ɗa namiji ba, aka sake yanka rabonsa gida uku, irin yankan da ya bar garuruwan wannan a tsakiyar ƙasar wancan. Faris kuwa aka yi rantsuwa babu mai shigarta ba da yardar sauran ba.

A cikin wannan gida ne mata biyu suka shigo, Brunhilda matar Sigebert da Fredegunda matar Chilperic. Yadda aka saba ba da labarinsu shi ne wai facaloli biyu ne suka ƙulla gaba a kan jinin 'yar'uwa, suka jefa ƙasa cikin yaƙi na shekara arba'in da ɗoriya. Gabar gaskiya ce, kuma za mu ga alamunta. Amma a ganina wannan labari ya wanke mazan da ke ciki da sabulu mai arha. Wanda ya bi abubuwan ɗaya bayan ɗaya zai tarar kowace daga cikinsu ta fi ɓata ƙarfinta a kan mutanen cikin gidanta fiye da a kan facalarta: Fredegunda a kan 'ya'yan mijinta, Brunhilda a kan manyan ƙasar ɗanta. Dalili kuwa shi ne matar sarkin Farankawa ba ta da wata sarauta tata mai naɗi, irin ta Magajiya ko Iya a masarautun Hausa. Ikonta a rataye yake da abu uku: miji ko ɗa mai rai a kan gado, dukiyar da ke cikin akwatinta, da mazan da wannan dukiya za ta iya riƙewa. Ranar da na farkon ya faɗi, sauran biyun ba su daɗewa.

Aure biyu da gawa ɗaya

'Yan'uwan Sigebert kuyangi suke aura. Charibert ya auri 'ya'yan wani mai sana'ar ulu su biyu, ya ƙara da 'yar makiyayi. Sigebert ya ga wannan zubar da girma ne, ya aika Sifaniya neman 'yar Athanagild, sarkin Gotawa na Toledo. Wajen 567 aka kawo Brunhilda birnin Metz da dukiya mai yawa, mawaƙi Venantius Fortunatus ya wasa ta da Latin, ta bar ɗarikar Ariyus ta gidansu ta koma Katolika.

Chilperic ya gani, 'yan ubanci ya motsa. Yana da uwargida Audovera mai 'ya'ya maza uku, yana kuma da Fredegunda, wadda daga cikin barorin gida ta fito. Duk da haka ya aika neman Galswintha, yayar Brunhilda, da alkawarin zai sallami sauran mata. Aka ba shi. Bishop Gregory na Tours, wanda yawancin abin da muka sani na wannan zamani daga alƙalaminsa ya fito, ya ce sarki ya so amaryar ƙwarai, ya kuma faɗi dalili nan take: ta zo da dukiya mai yawa. A al'adarsu ango kan yi wa amarya kyauta washegarin daren farko, kuma ta Chilperic ba ƙarama ba ce: garuruwa biyar a kudu maso yamma, Bordeaux, Limoges, Cahors, Béarn da Bigorre, da harajinsu.

Ba a yi nisa ba ya koma wa Fredegunda. Galswintha ta yi ƙorafin wulaƙanci, ta nemi a bar ta ta koma gida, har ta ce a riƙe dukiyar da ta zo da ita. Ya lallashe ta da daɗin baki. Wata safiya aka tarar da gawarta a kan gado, wani bawa ya shaƙe ta. Kwana kaɗan bayan haka Chilperic ya ɗaura aure da Fredegunda. Mahaifin marigayiyar ya rasu a daidai wannan tsakani, don haka babu wanda zai taso daga Toledo ya bi kadi.

A nan akwai abin lura biyu. Na farko, inda Gregory ya ba da labarin kisan, a wuyan Chilperic ya rataya shi, shi ne ya ba bawan umarni. Zargin Fredegunda kai tsaye sai bayan shekara goma sha shida ya fito, daga bakin jakadun ɗan Brunhilda, a lokacin da suke da bukatar a miƙa musu ita. Na biyu, abin da ya rage a ƙasa bayan jana'iza shi ne garuruwan nan biyar. Aka zauna a gaban Guntram da manyan Farankawa aka yanke cewa gadon Brunhilda ne. Hukunci dai an yanke, amma bayan kimanin shekara ashirin ana nan ana maganar miƙa mata su.

Vitry, 575

Yaƙin da ya ɓarke tsakanin Sigebert da Chilperic a 573 a kan Tours da Poitiers ya fara, garuruwan da suka faɗa rabon Sigebert daga gadon Charibert, Chilperic kuwa yana ganinsu a bakin ƙofarsa. Sigebert ya ɗebo mayaƙa daga hayin kogin Rhine. Zuwa 575 an kashe Theudebert, babban ɗan Chilperic, a fagen fama, Sigebert ya shiga Faris, Chilperic ya gudu ya kulle kansa a Tournai da matarsa da 'ya'yansa. A cikin wannan ƙawanya Fredegunda ta haifi ɗa. Mutanen Chilperic suka juya masa baya, suka taru a Vitry suka ɗaga Sigebert a kan garkuwa, wanda shi ne naɗin sarautarsu. Ana cikin taron wasu samari biyu suka matso kamar masu kawo ƙara, suka soke shi ta gefe biyu da wuƙaƙe masu guba. Gregory ya ce Fredegunda ce ta turo su.

Cikin yini ɗaya komai ya kife. Brunhilda tana Faris da 'ya'yanta da akwatunanta tana jiran a ce mata ta zama matar sarkin ƙasa biyu, sai ga ta a hannun Chilperic. Wani sarkin yaƙi, Gundovald, ya sace ɗanta Childebert ɗan shekara biyar ya kai shi gabas, aka naɗa shi sarki ranar Kirsimeti. Ita kuwa aka ƙwace dukiyarta, aka tura ta Rouen, 'ya'yanta mata aka tsare su a Meaux.

Abin da ta yi a Rouen yana nuna yadda ta fahimci matsayinta. A 576 ta auri Merovech, ɗan Chilperic na wajen Audovera, wato ɗan ɗan'uwan mijinta, kuma Bishop Praetextatus na garin ya ɗaura, alhali dokar coci ta hana. Ita tana neman namiji mai jinin sarauta da za ta tsaya a bayansa, shi kuma yana neman mafaka daga matar uba da ta fara haihuwar maza. Auren bai je ko'ina ba. Chilperic ya raba su, ya sa aka aske wa Merovech gashi aka tura shi gidan zuhudu. Dogon gashi shi ne alamar ɗan sarki a wannan gida, wanda aka aske an cire shi daga layi. Ya tsere, ya fake a cocin Martin mai tsarki a Tours, ya nufi Austrasiya inda Brunhilda ta riga ta koma, manyan ƙasar suka ƙi karɓarsa. A 577 aka yi masa tarko a yankin Thérouanne, ya roƙi baransa Gailen ya kashe shi kafin a kama shi da rai.

Fredegunda da 'ya'yan miji

Fredegunda ba ta da uba sarki, ba ta da dangin da za su tare mata. Idan Chilperic ya mutu ɗan Audovera ya hau, ta san inda za ta kwana. Don haka lissafinta ɗaya ne: nata ɗan ya rayu, na kishiya su ƙare. Rabin farko na lissafin ne ya yi ta ƙin fita. Samson, wanda ta haifa a ƙawanyar Tournai, bai daɗe ba ya rasu. A 580 annobar atuni ta ratsa ƙasar ta kama 'ya'yanta biyu, Chlodobert da Dagobert.

A nan ne aka ga wata fuskarta. Chilperic ya tsananta haraji, har a 579 mutanen Limoges, ɗaya daga garuruwan marigayiya Galswintha da yake riƙe da su, suka yi bore suka ƙone littattafan haraji. Da 'ya'yanta suka kwanta, Fredegunda ta ce hawayen talakawa da marayu ne ke cin su. Ta sa aka kawo littattafan harajin garuruwanta ta zuba a wuta, ta juya ta ce wa sarki ya yi haka da nasa, ya kuwa yi. Yaran duka biyu suka mutu. Ko ba komai, wannan ya nuna tana da garuruwa nata da take karɓar harajinsu, tana kuma da bakin da sarki ke ji.

Saura Clovis, autan Audovera, wanda yanzu shi kaɗai ne magaji, kuma bai iya bakinsa ba; ya riƙa cika baki a kan abin da zai yi wa maƙiyansa idan ya hau. Aka kawo wa Fredegunda cewa uwar budurwarsa ce ta yi wa yaran sammu. Aka kama shi, aka soke shi a Noisy, aka ce shi ya kashe kansa, gawar ta ƙare a kogin Marne. Aka kashe Audovera, aka tura 'yarta Basina gidan zuhudu a Poitiers. Fredegunda ta sake haihuwar namiji, Theuderic, shi ma atuni ya ɗauke shi a 584. Wannan karon matan Faris aka azabtar da sunan maita, tare da wani babban ma'aikacin fada, Mummolus. Da ta haifi na gaba, sai aka ɓoye shi a Vitry, ba a bari mutane su gan shi ba.

A watan Satumba na 584 aka yi wa 'yarta Rigunth rakiya zuwa Sifaniya don ta auri Reccared, ɗan sarkin Gotawa. Amalanke hamsin aka cika da zinariya da azurfa da tufafi. Manyan ƙasa suka fara kallon-kallo, sai uwar amarya ta miƙe ta ce babu ko ƙwandala ta baitulmali a ciki: kyautar sarki ce, da amfanin gonakinta, da abin da su kansu suka ba ta. A zangon farko mutum hamsin suka sulale cikin dare da dawakai ɗari. Ayarin na Toulouse labari ya iso cewa an soke Chilperic a Chelles yana saukowa daga doki bayan farauta, sai sarkin yaƙi Desiderius ya kwashe abin da ya rage. Har yau ba a tabbatar da wanda ya sa aka kashe Chilperic ba. An zargi matarsa, an zargi Brunhilda, ita Fredegunda kuma ta nuna wani bafade, Eberulf.

Fredegunda ta kwashi abin da ta iya ɗauka ta shige babban cocin Faris, a hannunta jariri ɗan wata huɗu, Chlothar na Biyu. Jakadun Childebert suka zo suna cewa a ba su mai kisan kai, wadda ta shaƙe innar sarkinsu, ta kashe ubansa da baffansa da 'ya'yan baffansa. Ta aika wa Guntram ya zo ya riƙi ƙasar ɗan ɗan'uwansa. Guntram ya hana a taɓa ta, amma ya fara tantamar ko yaron na Chilperic ne, tunda ba a taɓa nuna masa shi ba. A 585 ta tara bishop uku da manyan mutane ɗari uku suka rantse cewa ɗan sarki ne. Macen da ta fito daga ɗakin barori, mijinta ya mutu, ta iya tara mutum ɗari uku masu faɗa a ji su dafa mata: wannan ya fi duk labaran wuƙa da guba nuna ko ita wace ce.

Brunhilda da manyan Austrasiya

Duk wannan lokaci Brunhilda uwar sarki ce a suna kawai. Yaron yana hannun mai renonsa Gogo, ragamar ƙasa tana hannun hakimai da bishop-bishop. Da Gogo ya mutu a 581, ɓangaren Bishop Egidius na Reims ya karɓe fada, ya warware ƙawancen da aka ƙulla da Guntram, ya ƙulla sabo da Chilperic. A duba wannan da kyau: fadar ɗanta ta haɗa kai da mutumin da ya kashe yayarta, wanda kuma a rikicinsa aka kashe mijinta, tana zaune ba ta iya hanawa ba. Da gabar mata biyu ce ke juya ƙasa, da haka ba ta faru ba.

A shekarar nan Ursio da Berthefred suka ɗaura yaƙi a kan Lupus, mai riƙe da Champagne, ɗaya daga 'yan tsirarun da ke bayanta. Ta yi ɗamara irin ta maza ta shiga tsakanin rundunonin biyu tana roƙon kada a zubar da jinin ƙasa saboda mutum ɗaya. Ursio ya ce mata ta kauce, mace. Mulkin da ta yi a zamanin mijinta ya ishe ta, yanzu ɗanta ke sarauta kuma su ke tsare masa ita, in ba ta matsa ba kofaton dawakai zai bi ta kanta. Ta hana a gwabza a ranar, amma an washe gidajen Lupus, ya gudu wurin Guntram.

Ta yi haƙuri shekara huɗu. A 585 mai renon sarki na biyu, Wandelen, ya mutu, ta ce ba za a naɗa wani ba, ita za ta kula da ɗanta. A 587 aka bankaɗo makircin Rauching da Ursio da Berthefred: su kashe Childebert, su raba ƙasar da sunan jariransa biyu, su mayar da tsohuwar inda take a da. Aka kira Rauching fada, yana fitowa daga ɗakin sarki aka sare shi a bakin ƙofa. Ursio ya mutu yana faɗa a wani coci da ya fake. Berthefred ta so ta cece shi saboda ita ta tsaya wa 'yarsa a baftisma, ya ƙi rabuwa da abokinsa, aka kashe shi a gidan bishop na Verdun. Egidius aka gurfanar da shi a Metz a 590, aka tuɓe shi aka tura Strasbourg.

Ranar 28 ga Nuwamba 587 aka ƙulla yarjejeniyar Andelot tsakanin Guntram da Childebert: duk wanda ya riga mutuwa ba ɗa, ɗayan ya gaje shi. Guntram 'ya'yansa maza sun riga sun mutu, don haka kowa ya san inda aka dosa. A cikin takardar aka rubuta sunan Brunhilda da garuruwan nan biyar: Cahors a ba ta nan take, sauran huɗun sai bayan ran Guntram.

Ita fa gabar ba ta kwanta ba. Gregory ya ce da aka tura Fredegunda zaman wani ƙauye kusa da Rouen, baƙin cikin ganin facalarta ta fi ta ya sa ta aika wani malamin coci ya shiga hidimar Brunhilda ya kashe ta. Aka gano shi aka mayar mata, ta yanke masa hannuwa da ƙafafu. Ta sake tura wasu biyu da wuƙaƙe masu guba su yi shigar mabarata. A 586 aka soke Praetextatus, wanda ya ɗaura auren Rouen, yana tsakiyar ibada a cocinsa, ta kuma je duba shi yana kan gargara. Sai dai a riƙa tuna wanda ke ba da labarin. Gregory ya sami kujerar Tours a 573 da goyon bayan Sigebert da Brunhilda, kuma a 580 an gurfanar da shi a Berny bisa zargin ya yi wa Fredegunda ƙazafin zina da bishop na Bordeaux, sai da ya rantse a kan bagadi uku ya kuɓuta. Ban ce ƙarya ya yi mata ba. Amma duk wanda ya mutu a littafinsa, in ba a san makashin ba, akwai inda ido ke fara zuwa.

Yara uku a kan gado, tsofaffi biyu a baya

Guntram ya rasu a 592, Childebert ya haɗa Austrasiya da Burgundiya. Neustriya ta zama 'yar mitsitsiya a gefensu, amma ba ta faɗi ba. Wajen 596 Childebert ya mutu yana da kimanin shekara 26, aka raba ƙasarsa: Theudebert na Biyu ya ɗauki Austrasiya, Theuderic na Biyu ya ɗauki Burgundiya, dukansu ba su wuce shekara goma ba. Chlothar yana da sha biyu. Wannan ne lokaci ɗaya tilo da za a ce ƙasar Farankawa duka tana hannun matan nan biyu. Fredegunda ba ta ɓata lokaci ba, ta kama Faris, rundunarta ta yi nasara a Laffaux. A 597 ta mutu a kan gadonta, aka binne ta kusa da mijinta a cocin Vincent mai tsarki, wanda yau ake kira Saint-Germain-des-Prés.

Gabar facaloli ta ƙare ke nan, amma tsugune ba ta ƙare ba, domin Brunhilda ta ƙara shekara 16 tana fama, kuma mafi munin jinin a wannan tsakani aka zubar. A waje sunanta ya kai inda bai taɓa kaiwa ba. Fafaroma Gregory Babba yana rubuto mata wasiƙu, ya nemi ta taimaki Augustine da tawagarsa a hanyarsu ta kai Kiristanci Ingila, ya kuma gode mata da ta yi. Ta gina gidajen zuhudu da masaukin marasa lafiya a Autun. Tun kafin haka ta yi ta aika wasiƙu Kustantiniya tana neman jikanta Athanagild, ɗan 'yarta Ingund, wanda rikicin gidan sarautar Sifaniya ya jefa hannun Rumawa. A gida kuwa manyan Austrasiya ba su manta da 587 ba. Wajen 599 ta bar fadar Theudebert ta koma Burgundiya wurin ƙaninsa.

A 600 jikokin biyu suka haɗu suka ragargaza Chlothar a Dormelles, suka bar masa gundumomi goma sha biyu kacal tsakanin kogin Seine da Oise da teku. Da sun ƙarasa shi a lokacin, da labarin ya sha bamban. Maimakon haka suka juya wa juna. Brunhilda ta ɗaga Protadius, mutumin asalin Rumawan ƙasar, ya zama wazirin fada. Ya matsa wa manya da haraji da ƙwace, ya zuga a yaƙi Austrasiya, sojojin Theuderic da kansu suka kashe shi a cikin tantin sarki. Bishop Desiderius na Vienne aka tuɓe shi, daga baya aka jefe shi. Aka kawo wa Theuderic 'yar sarkin Gotawa, Ermenberga, bayan shekara guda aka mayar da ita ba dukiyarta, kuma marubutan zamanin kakar suka ɗora wa laifi, wai ba ta son wata sarauniya a fada. Ko an yi mata ƙari, lissafin ya yi daidai da abin da ta sani: matar sarki ita ke riƙe akwati, kaka kuwa sai ta koma gefe. Columbanus, ɗan zuhudun nan na Ailan, ya ƙi sa wa 'ya'yan Theuderic albarka saboda 'ya'yan ƙwaraƙwarai ne, aka kore shi daga Luxeuil a 610. Almajiransa su suka rubuta tarihinsa, suka kira ta Jezebel ta biyu, kuma daga wannan rijiya marubutan baya suka yi ta ɗiba.

A 610 Theudebert ya ƙwace Alsace. A 612 Theuderic ya ci shi a Toul, ya sake cin sa a Zülpich, aka kama shi aka kashe, aka fyaɗa kan ƙaramin ɗansa da dutse. Theuderic ya juya zai gama da Chlothar, sai atuni ya kashe shi a Metz a 613.

Renève, 613

Theuderic ya bar yara maza huɗu. Brunhilda, tana kusan shekara 70, ta yi abin da ba a saba yi ba a gidan: ta ƙi raba ƙasar, ta naɗa babban, Sigebert na Biyu, ɗan kimanin shekara 11, shi kaɗai. Ga manyan ƙasa ma'anar wannan a fili take, fada ɗaya, wazirci ɗaya, kuma riƙo na uku a hannun tsohuwar da ta riƙe wa ɗa, ta riƙe wa jika, yanzu za ta riƙe wa tattaɓa-kunne. Arnulf da Pippin, manyan Austrasiya, suka gayyato Chlothar. Warnachar, wazirin fadar Burgundiya, ya ƙulla da shi a ɓoye. Da rundunonin suka fuskanci juna a bakin kogin Aisne, aka ba da alama, mayaƙan yaron suka juya suka kama hanyar gida ba a harba kibiya ba.

An kamo ta a Orbe, cikin Suwizalan ta yau, aka kai ta gaban ɗan Fredegunda a Renève. Ya tuhume ta da jinin sarakuna goma. A cikin goman akwai mijinta Sigebert, wanda aka ce uwar mai tuhumar ce ta sa aka soke, akwai Merovech, akwai Chilperic, akwai har tattaɓa-kunnenta waɗanda shi Chlothar ya sa aka kashe a kwanakin, Sigebert da Corbus. Ƙaninsu, shi ma mai suna Merovech, ya bar shi da rai don shi ya tsaya masa a baftisma, na huɗun, Childebert, ya tsere a kan doki ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Kwana uku ana azabtar da ita, aka ɗora ta a kan raƙumi aka zagaya da ita cikin runduna, sannan aka ɗaure gashinta da hannu ɗaya da ƙafa ɗaya a wutsiyar doki marar horo aka sake shi. Wannan ya faru shekara tara kafin Hijira.

Chlothar na Biyu ya zama sarkin Farankawa duka, na farko tun bayan kakansa a 561. Amma waɗanda suka buɗe masa ƙofa ba kyauta suka yi ba. Warnachar ya karɓi rantsuwar cewa ba za a tuɓe shi daga wazirci ba muddin ransa. Austrasiya da Burgundiya kowace ta riƙe fadarta da wazirinta. A watan Oktoba na 614 aka yi babban taron bishop-bishop da manya a Faris, sarki ya fitar da doka wadda ta soke sababbin kuɗin fito, ta kuma ce kada a naɗa wa wani yanki alƙali daga wajen yankin, abin da ya bar shari'ar kowace gunduma a hannun masu ƙasar wurin. Arnulf ya zama bishop na Metz, Pippin ya zama wazirin fadar Austrasiya a zamanin Dagobert ɗan Chlothar. Ɗan Arnulf, Ansegisel, ya auri 'yar Pippin, Begga. Jikansu shi ne Charles Martel, kuma ɗan Charles, Pippin Gajere, shi ne a 751 ya sa aka aske wa Childeric na Uku, sarkin Merobinjiya na ƙarshe, gashi, aka tura shi gidan zuhudu, ya hau gadon da kansa.